Kakana Mai Inji da Wayar Shafa

Ranar da aka kai kakana makwancinsa, gidanmu na unguwar Azuba a Lafia ya cika har sai da aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron maƙwabta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Maza a waje, mata a ciki, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar yadda aka saba a gidan rasuwa. Iya, matarsa, wato kakata, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Ta jure, ta jure, can sai ta ɗago kai ta ce, "Wai raɗar me kuke yi ne? Ku buɗe murya. Gidan nan rabonsa da raɗa tun kafin a haifi wasunku."

Wata tsohuwa ce ta fara ƙyalƙyalewa da dariya, ta toshe baki da mayafi, hawaye na bin kumatunta. Daga nan zaman ya sake. Duk wanda ya san gidan ya san cewa in ba ka ɗaga murya ba, da bango kake hira, domin maigidan ya daɗe ba ya ji.

Sai labari ya ɓarke. Matan da suka yi shekaru suna kai masa niƙa a kasuwa sun zo rukuni-rukuni, Alago da Eggon da Migili da namu Gwandara. Wata 'yar Eggon ta ce, "Ni abu ɗaya na sani. Mai ciki ba ya tsayawa layi a wurin Baba. Ko kwano nawa ne a gaba, zai ce wannan mutum biyu ne, ku bar shi ya wuce." Wata ta ce ya taɓa korar ta da alabonta don bai bushe ba, ta yi fushi, da yamma sai ga shi ya aiko mata da garin gidansa kada 'ya'yanta su kwana da yunwa. A waje kuma, an ce mai gyaran waya na bakin kasuwa ya rufe shago ya zo jana'iza, yana faɗa wa mutane cewa tun da ya fara sana'a, wannan tsoho ne kaɗai ya taɓa sa shi buɗe waya ba don gyara ba, sai don ya ga abin da ke motsi a ciki.

Ni jikarsa ce ta fari, 'yar babban ɗansa. Amarya yake kirana tun ina rarrafe, ni kuma ina ce masa Tsoho, har na yi aure na haifi nawa 'ya'yan ba mu daina wannan wasa ba. Ina rubuta wannan ne don ƙanana a gidan za su tashi su ji ana cewa kakansu kurma ne mai injin niƙa, su ɗauka iyakarsa ke nan.

Daga Arikya ya fito, ɗan manoma. Ya shigo Lafia yana saurayi, ya koyi aikin inji, daga baya ya kafa nasa. Masara, dawa, alabo, agushi, babu abin da bai niƙa ba. Ƙarar injin ce ta cinye masa kunne a hankali, amma ta bar masa hannu. Da safe in ya tayar da inji, sai ya ɗora tafinsa a jikinsa ya lumshe ido, kamar mai duba zazzaɓin yaro. In bel ɗin injin ya saki, a tafinsa zai ji. Yakan ce, "Kunne baƙo ne, ya zo ya tafi. Hannu shi ne ɗan gida." Wannan magana a kan inji kawai yake yinta. In ka ce masa ba ya ji, yanzun nan za ku ɓata.

"Ni ba kurma ba ne," in ji shi. "Ku ne ba ku cin abinci ku ƙoshi, muryarku ta zama ta sauro."

In kana gabansa, bakinka yake kallo, kuma yana kama yawancin abin da ka faɗa. Matsalar ita ce waya. Yana da ƙaramar waya mai maɓallai, in ya ga ta yi haske sai ya danna, ya kara a kunne, ya saurari abin da ba ya ji, sannan ya ba da amsar da ya tanada wa kowa: "To madalla! Haka ake so! Allah ya ƙara!" Gwaggona ta taɓa kiransa ta ce an sace mata akuya, ya ce Allah ya ƙara. Muka yi ta dariya wata guda. Babu wanda ya yi tunanin wannan amsa za ta iya yin ɓarna.

Baffana, ƙanin babana da ke aiki a Abuja, shi ya kawo masa wayar shafa wata sallah. Ya ce da ita za a riƙa kiransa ana ganin juna, ya karanta baki. Tsoho ya juya ta gaba da baya ya ce, "Ina maɓallan?" Aka ce babu, shafawa ake yi. Ya ce, "Abin da ba a dannawa ya amsa, yaya zan san ya ji ni?"

Ni aka ɗora wa aikin koya masa, tunda malamar makaranta ce kuma gidana ba nisa. Na nuna masa, na ja yatsa a kan gilashin, waya ta buɗe. Ya ja nasa, ko gezau. Ya sake ja, shiru. Ɗana ƙarami da ko magana bai gama iyawa ba ya miƙo yatsa ya taɓa, nan take ta kawo haske. Tsoho ya dube shi, ya dube ni.

"Amarya, wannan abu raini ne da ita. Ta san yaro, ba ta san babba ba."

Ya ce ƙarfi take so. Ya danna da babban yatsa har siririn gilashin da ake mannawa a sama don kariya ya tsage. Washegari ya shafa man kaɗanya a yatsunsa, ya ce ko laushi take nema, wayar ta yi ta santsi tana ƙyalli kamar an soya ta. Iya ta ce ya mayar wa mai ita, ya bar wahalar da kansa. Wannan magana ce ta sa ya ƙi mayarwa.

Muka ɗauke ta zuwa wurin mai gyaran waya. Ya kama hannun Tsoho ya duba yatsun, ya ga kanta ta yi kauri kamar ƙasan takalmi. Ya yi dariya ya matso da bakinsa inda Tsoho zai gani.

"Baba, wayarka lafiya yake. Gilashin nan ba nauyi yake ji ba. Akwai 'yar wuta a jikin mutum, ita yake ji. Kanta da bushewa sun tare hanya. Ka nemi wurin da aiki bai taɓa ba."

Tsoho ya bi hannunsa da kallo yana neman inda aiki bai taɓa ba. Ya gwada yatsu ɗaya bayan ɗaya, duk suka faɗi. Daga ƙarshe ya lanƙwasa ƙaramin yatsansa ya goga bayan gaɓar, sai ga waya ta buɗe. Ya yi wata shewa da ta sa masu shagunan kusa suka leƙo. Tun daga ranar da bayan ƙaramin yatsa yake sarrafa waya, hannu a karkace kamar mai ɗanɗana miya. In hannunsa da gari kuma, da hanci yake amsa kira, ko a gaban wa.

A wannan zama ne mai gyaran ya kunna girgiza don ya gwada, wayar ta yi ɓirrr a tafin Tsoho. Ya zabura. Ya ce a sake. Aka sake. Sai fuskarsa ta canza, ta koma irin wadda yake yi da safe a gaban injinsa.

"Akwai inji a cikin nan," in ji shi. "Buɗe mini."

Mai gyaran ya ce ba ya buɗe sabuwar waya haka kawai. Tsoho ya ce to ba zai tashi ba. Dole mai gyaran ya ɗauko wata tsohuwar waya da ta mutu, ya buɗe, ya zaro wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya haɗa masa wuta. Ɗan mota ne mai juyawa, an liƙa masa nauyi a gefe guda don ya riƙa karkarwa. Tsoho ya ɗora shi a tafin hannu yana kallo, yana dariya har da tari.

"Amarya, zo ki ga ikon Allah! Ni na ƙare rayuwata ina yaƙi da karkarwar inji, ina ɗaure nan ina cusa katako can. Waɗannan kuwa sun zauna sun ƙera karkatacce da gangan, kuma shi ne mai amfani!"

Daga nan ya kama son wayar. Na kunna masa yadda duk harafin da ya taɓa za ta ɗan motsa a hannunsa. Ya taɓa ɗaya, ta motsa, ya ce, "Yawwa, yanzu ta iya amsa sallama." Dama ya yi yaƙi da jahilci a zamaninsu, yana karanta boko a hankali, sai ya fara aiko mana da saƙonni, babu waƙafi babu aya, kowanne ya ƙare da "ina gaisuwa". Wayar kuma tana da wurin da mutum zai buga irin girgizar da yake so da yatsa, ya ba kowane mai kira tasa. Ya zauna ya raba mana. Tawa gajeru biyu ce, kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Ta Baffa mai sauri-sauri, wai kullum a gaggauce yake. Ta Iya kuwa doguwa ce da ba ta yankewa. Iya ta tambayi dalili, ya ce ai haka take magana. Ta yi kwana biyu ba ta sa masa yaji a miya ba. Yana sa wayar a aljihun ƙirji, ko inji na ruri in ta motsa sai ya ce, "Amaryata ce," tun bai duba ba.

Amma akwai abin da ke cin sa a rai wanda waya ba ta gyara ba. Yana da aboki a Assakio, mutumin Tibi, Kirista, manomi kuma ɗan kasuwar doya. Mai Doya yake kiransa, shi kuma ya ce masa Mai Inji. Tun suna samari suke tare. Duk sabuwar doya sai ta fara sauka a gidanmu, duk babbar sallah sai cinyar rago ta tafi Assakio. Kwatsam sai mutumin ya ɗauke ƙafa. Can Tsoho ya ji a bakin wasu 'yan kasuwa cewa matar abokin nasa ta rasu, har an yi makonni da binne ta. Ya shiga mota ya tafi gaisuwa, aka ce masa maigidan ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa. Ya koma, haka. Ya aika da nama da sallah, aka dawo da shi. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. In an ambaci Assakio sai ya tashi ya ce zai duba inji.

Ni na gano dalilin, kuma ba da nema ba. Na je awon ciki a wani ƙaramin asibiti, ma'aikaciyar da ta duba ni ta kalle ni ta ce, ba ke ce jikar Mai Inji ba? Ashe 'yar Mai Doya ce. Muka gaisa a ɗarare. Na daure na tambaye ta me kakana ya yi wa babanta. Ta ajiye abin awon ta ce, "Ba ki sani ba? Ranar da mamana ya rasu, kakanki ne mutum na farko da babana ya kira. Yana kuka ya ce matana ya mutu. Kakanki ya ce madalla, haka ake so, Allah ya ƙara."

Na ce mata kakana bai ji ko kalma ɗaya ba, ya yi shekaru ba ya ji a waya. Ta ce ai babanta ya sha zama da shi suna hira. Na ce baki yake karantawa. Sai ta ce, "To shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Babana ba zai yarda da maganan kowa ba."

Na same shi bayan la'asar yana alwala a tsakar gida. Na jira ya yi salla, na zauna a gabansa inda zai ga bakina sosai, na faɗa masa. Ya sa na maimaita. Da na maimaita sai ya sunkuyar da kai.

"Ni na ce haka? Ga matar da ta yi wa Iya wankan jego da aka haifi babanki?"

Na ce shi ya ce. Na ce kuma babu hanyar gyarawa sai ya je ya faɗi abin da ya ƙi faɗa wa kowa.

"In ce ni kurma ne."

"Eh, Tsoho."

Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Nemo mana mota."

Washegari da hantsi muka isa Assakio. Mai Doya na zaune a gindin bishiya yana gyara irin doya, babu damar ɓuya. Ya gan mu ya ci gaba da aikinsa. Tsoho ya tsaya a gabansa, ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani ba, ya ce da muryar nan tasa da ake ji har ƙarshen layi:

"Mai Doya, ni kurma ne! Na daɗe da kurmancewa, girman kai ya hana ni faɗa! Ranar da ka kira ni ban ji komai ba! Ka yafe mini!"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Mai Doya ya ajiye wuƙa ya dube shi sama da ƙasa. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da babban faranti na ƙarfe da muciya, ya zagaya bayan Tsoho a hankali, ya ɗaga muciyar ya maka wa farantin. Ni sai da na dafe ciki, kaji suka watse, wani jariri ya tsala kuka a gidan kusa. Tsoho na tsaye da hula a hannu yana kallon ƙasa, yana jiran hukunci.

Mai Doya ya saki farantin. Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ya zagayo ya rungume shi. Sannan ya ja baya ya nuna bakinsa don Tsoho ya kalla.

"Kai wawa ne, Mai Inji. Ni ina nan ina ciwo a zuciya, ashe kunnenka ne ya mutu. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kunya."

"Kunya! Tsoho kamar kai!"

Aka kai Tsoho kabarin matar a bayan gida, ya tsaya ya yi wa abokinsa ta'aziyyar da ta makara. Bayan nan aka daka sakwara. Suna ci Tsoho ya zaro wayarsa yana fahariya, ya ce Mai Doya ya buga tasa girgizar da hannunsa. Mai Doya ya sa yatsa, waya ta ƙi shi. Ya sake, ta ƙi. Tsoho ya yi dariya har ya kusa ƙwarewa, ya ce, "Kai ma ba ta san ka ba!" Ya kama hannun abokinsa ya lanƙwasa masa ƙaramin yatsa ya koya masa. Mai Doya ya buga wani kiɗan garinsu mai tsalle-tsalle, aka ajiye.

Tunda hira a waya ba za ta yiwu ba, ga Mai Doya da ƙaramar waya marar hoto, sai suka yi yarjejeniya. Kullum da safe Mai Doya zai kira ya katse, kiɗan ya motsa a ƙirjin Tsoho, shi kuma ya kira ya katse. Ma'ana na tashi lafiya, kai fa? Haka suka yi ta yi har ƙarshe. Doya ta dawo gidanmu, cinyar rago ta koma Assakio. Tsoho kuma ya daina musu. In baƙo ya zo sai ya ce, "Zauna a gabana, ni kurma ne, amma ina gani."

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika da rana tsaka, Iya na riƙe da hannunsa. Kafin la'asar an yi masa sutura. Mai Doya bai samu jana'iza ba, sai da yamma ya iso, 'yarsa na riƙe da shi. Ya zauna a tabarma cikin maza har aka yi addu'ar uku, duk lokacin da aka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga nasa.

Da zai koma ya nemi a yi masa iso wurin Iya. Ya durƙusa a bakin ƙofa da ƙyar, ya miƙo mini wayarsa.

"Sa mini lamban Mama a nan. Kullum da safe zan kira in kashe, kamar yadda muna yi da Mai Inji. In ya ga haka ya san ina gaishe shi."

Iya ta dube shi ta ce, "Ni ba kurma ba ce. In za ka kira, ka kira mu yi magana kamar mutane."

Haka kuwa ake yi. Kullum ta zauna za ta karya sai wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, su yi ta hira a kan farashin doya, da ciwon gwiwa, da wautar marigayi. In ta ajiye sai ta ce wannan mutum ya cika surutu, ya hana ta aiki. Shekaranjiya ruwan sama ya lalata layi bai kira ba, na same ta zaune da waya a cinya, koko ya huce a gabanta. Ta ce, "Ke, duba mini abin nan, ko ya lalace ne."

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya ji kiran rahama da kunnuwa sababbi. Mu kuma ya ba mu ikon riƙe mutanen da ya bar mana.